Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Iyaye da Makarantar Firamare a Ƙasar Gobir

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin Sabon Birni da Isa



An nemi mu yi magana a kan dalilin da ya sa sakamakon yaranmu na firamare ya ƙi kyau a Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. Duk sa'ad da aka ta da wannan zance a ofis ko a gidan rediyo, amsa ɗaya ake yi mana, watau wai iyayenmu ba su son ilmin zamani. Mun daɗe muna jin wannan magana har wasu daga cikinmu sun haddace ta, suna maimaita ta kamar ba daga gidajen nan suka fito ba. To, yau muna so mu saurari ɗaya ɓangaren, gama ba a yanke shari'a da jin bakin mutum guda.

Bari mu fara da tuna wa kanmu ko su wane ne waɗannan iyaye. A ƙasar Gobir ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karantarwarsa a Degel, kuma a rubuce-rubucensa ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu suna kai wa mata har ƙauyukansu. Kufan Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, yana nan kusa da Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Da wuya ka shiga unguwa a wannan yanki ba ka tarar da zauren da ake karatun allo ba. Mutanen da suka yi shekaru aru-aru suna ba da kuɗin Laraba da hatsi don 'ya'yansu su yi karatu, ai ba a ce da su maƙiyan ilmi. Tambayar da ta kamace mu ita ce: me suka gani a makarantar allo da ba su gani a firamare ba?

Uban da ya kai ɗansa makarantar allo ya san inda yaron yake a kowane lokaci. Ya san ran da ya gama babbaƙu ya shiga farfaru. Ya san surar da ke kan allonsa, domin da dare yana jin sa yana biyawa a tsakar gida. In ya kai izu kaza a yi sadaka, in ya sauke a tara jama'a a yi walima, yaron ya karanta a gaban kowa. Ko da uban nan bai yi zurfi a karatu ba, kunnensa ya isa ya gaya masa ko ana ci gaba ko an tsaya. Malamin kuma maƙwabcinsa ne, tare suke salla, in ya yi sakaci ba shi da wurin ɓuya.

Yanzu mu dubi firamare. Yaro ya fita da safe ya dawo da azahar. In an yi sa'a a ƙarshen zango a ba shi takardar sakamako da Turanci, cike da lambobi, a ce ya zo na bakwai cikin aji. Na bakwai a me? Uba ba ya iya karanta takardar, kuma babu wanda ya taɓa zama ya fassara masa. Shekara na zagayowa yaro na sauya aji, har ya kai aji shida. Sai wata rana saƙo ya shigo wayar uban daga ɗan'uwansa da ke ci-rani a Ikko, ko a ba shi takardar magani a asibiti, ya miƙa wa ɗan nan nasa, yaro ya yi ta juya abin a hannu yana inda-inda. A ranar ne uban ke karanta sakamako na gaskiya, kuma daga ranar ne ƙanen yaron ke komawa gona ko kiwo, ƙanwarsa ta ɗauki farantin talla. Mu kuwa sai mu rubuta a rahoto cewa iyaye sun janye 'ya'yansu saboda rashin wayewa.

Kada a ɗauka ƙorafin iyaye zato ne kawai. A 2011 an gwada karatun Hausa na 'yan aji uku a makarantun gwamnati na jihohin Sakkwato da Bauchi, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba daga ɗan gajeren labarin da aka ba su. Ba Turanci aka gwada su da shi ba, harshen da suke magana da shi a gida ne. Yaron da bai iya karatu a aji uku ba, yaya zai yi da lissafi da kimiyya a aji biyar, alhali duk a rubuce suke? Daga nan ne faɗuwar da muke kuka da ita a jarrabawar sakandare take somawa. Sakamakon irin wannan bincike ne ya kai ga shirin Mu Karanta, wanda ya kawo littattafan koyon karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan jihohin biyu. A Disamba 2015 ma Gwamnatin Jihar Sakkwato da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Ashe abin da manomi ya gane a zaurensa shi ne masana suka tabbatar da alƙaluma.

Yaya aka yi muka iso nan? A Sakkwato ne Janar Yakubu Gowon ya yi shelar shirin UPE, watau ilmin firamare kyauta ga kowa, a Janairu 1974, aka kuma ƙaddamar da shi a Satumba 1976 zamanin Janar Obasanjo. An yi tanadin sababbin yara kimanin miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980 sai albashi ya fara makara, gine-gine suka fara zuba. A Sakkwato dai aka sāke ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. A duka shirye-shiryen biyu abin da aka fi ƙirgawa shi ne yawan yaran da aka rubuta a rajista da yawan azuzuwan da aka gina. Kakannin yaran yau su ne 'yan UPE. Sun shiga, sun ga abin da suka fito da shi, kuma da wannan mudu suke auna makarantar jikokinsu.

Ba za mu yi wa kanmu adalci ba in muka tsallake maganar tsaro. A Afrilu 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 20 a Gangara. A ƙarshen Mayu na shekarar aka kashe fiye da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, kuma a Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi, inda karatun gwamnati ya dogara a kan Faransanci. Malamin da aka turo daga nesa ya ji tsoron hanya, uwa ta ji tsoron barin 'yarta ta fita bayan gari, uban da aka ɗora wa garinsu harajin 'yan bindiga bai da abin sayen littafi. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu tun 2015, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa hukuma wannan alkawari. Sai dai mu lura: binciken 2011 an yi shi ne tun kafin wannan masifa ta mamaye mu. Ko da gobe zaman lafiya ya dawo, in aka buɗe makarantu a kan tsohon tsari, tsohon sakamako za a girbe.

Haka kuma ba mu wanke iyaye tas ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai tura yaro makaranta ran Litinin ya riƙe shi ran kasuwa, akwai mai cire 'yarsa tana tsakiyar fahimtar karatu, kuma da damina ta faɗi azuzuwa kan zama kufai. Malamai su ma da yawansu na iya ƙoƙarinsu cikin hali mai wuya, mutum ɗaya a gaban yaran da suka cika ɗaki suna zaune a ƙasa. Abin da muke cewa shi ne, tsakanin uba da malami akwai bango, kuma kowannensu na ganin laifin wanda ke ɗaya gefen.

To mene ne abin yi? Akwai darasi daga ƙasar Indiya. A gundumar Jaunpur, a 2005 da 2006, wasu masana, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, sun yi aiki da ƙungiyar Pratham don gwada hanyoyin jawo iyaye cikin harkar makaranta. A wasu ƙauyuka aka tara jama'a aka yi musu bayanin kwamitin makaranta da ikonsu a cikinsa. A wasu aka koya musu gwada karatun yaransu. Waɗannan biyu ba su sauya sakamako ba. A kashi na uku aka ƙara da horar da matasan ƙauye 'yan sa-kai na 'yan kwanaki, suka riƙa koyar da karatu bayan an tashi daga makaranta, kuma a nan ne yaran da suka halarta suka sami ci gaba a fili. Watau wayar da kai da taron jawabi, irin wanda muke yi yanzu, ba ya koya wa yaro baƙi ko ɗaya. Sai wani ya zauna da shi.

Gwajin da Pratham ke amfani da shi takarda ɗaya ce mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sa'an nan gajeren labari. Ana raba yara gwargwadon hawan da kowa ya tsaya, ba gwargwadon ajinsu ko shekarunsu ba. Duk wanda ya yi karatun allo zai ce ai wannan tsarinmu ne, gama ba a taɓa kai yaro farfaru bai gama babbaƙu ba don kawai shekara ta zagayo.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Na farko, kowane ɗalibi a cikinmu, in hutu ya zo, ya rubuta irin wannan takarda da Hausa, ya gwada yaran gidansu da na maƙwabta a gaban iyayensu, uwa da uba, don su ji da kunnensu. Kada a yi shi don kunyata yaro ko malaminsa. Sa'an nan ya ware awa guda kullum ya koyar da waɗanda suka tsaya a haruffa da kalmomi. Wanda garinsu bai shiguwa, ga yaran garin nan a Sabon Birni da Isa da cikin Sakkwato inda iyayensu suka yi hijira, wasu sun shekara biyu ko uku ba su ga allo ba.

Na biyu, ku matasan ma'aikata da ke sashen ilmi na ƙananan hukumomi da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, ku nemi a riƙa rubuta wa iyaye sakamako da Hausa, da boko ko da ajami, a faɗi abin da yaro ya iya dalla-dalla: ya san haruffa, yana haɗa kalma, yana karanta labari, yana tarawa da ɗebewa. Ku kuma sa a rahotonku yawan yaran da suka iya karatu kusa da yawan waɗanda ke rajista.

Na uku, kwamitocin kula da makarantu da aka kafa a garuruwa su tashi daga suna a takarda. A sa liman da malamin allo da iyaye mata a ciki, a ƙarshen kowane zango a tara jama'a yara su yi karatu a bainar kowa kamar yadda ake yi ran sauka. Uban da ya ji 'yarsa ta karanta labari a gaban dattawan gari, ba sai an aika masa da ɗan doka ba kafin ya bar ta ta ci gaba.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a gare mu. A shekarun 1950 Yaƙi da Jahilci ya koya wa manoma karatu a zaure, har Lardin Sakkwato na da jaridarsa ta Hausa mai suna Zaruma. A 1967 Alhaji Shehu Shagari, wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya riƙe sakataren asusun bunƙasa ilmi na Lardin Sakkwato bayan ya sauka daga minista. In wanda ya yi minista bai raina wannan aiki ba, ɗalibin jami'a ba shi da hujjar raina shi.

'Yan'uwa, kusan kowannenmu da ke zaune a nan akwai wani mutum guda, malami ko wa ko kawu, da ya zauna da shi har baƙi ya buɗe masa. Bashi ne a kanmu, kuma waɗanda za mu biya suna can gida suna jira. Muna fata idan muka sāke haɗuwa bayan hutu, kowa zai zo da lissafin yaran da ya tarar ba su san harafi ba da kuma hawan da ya bar su.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu.