Baƙi da bisashensu: yadda taimako zai amfani garke da gari

   

Maganarmu ta yau kan ƴan gudun hijira ce, da taimakon da ake kawo musu, da abin da ya rataya a wuyanmu mu masu kiwo. Kada wani ya ce bai shafe shi ba. Tun 2012 yaƙin Mali ya koro mutane zuwa arewacin jahar Tawa. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, a shekarar kuma aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, masu shanun nan na Kuri. Daga watan Afrilu na 2019 ƴan bindiga suka shiga korar mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina, kafin ƙarshen shekara fiye da mutum 40.000 sun sauka a ƙauyukan bakin iyaka na jahar Maraɗi, galibi wajen Gidan Rumji. Kafin motar agaji ta farko ta iso, mutanen ƙauye ne suka buɗe rumbunansu. Allah ya saka musu.

To, ga abin da muke so ku riƙe. Buhun hatsi na agaji yana tsai da yunwa, amma yana ƙarewa. Kuɗin agaji kuma ba su da tabbas: a 2025 Amurka ta rage nata ƙwarai, ayyuka da yawa a ƙasashen Afirka suka tsaya. Abin da ke maido da makiyayi kan ƙafarsa shi ne uwar garke, wato saniya da akuya da tunkiya masu haihuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Saboda haka kowane taimako ya zo, ku auna shi da tambaya ɗaya: shin zai raya uwayen garke, na baƙo da na mai masauki?

Masu aikin agaji ma sun gane haka. A 2013, a Intikan cikin jahar Tawa, hukuma da HCR sun ware fili mai faɗi ga makiyayan Mali don su zauna da bisashensu su yi kiwo, maimakon a tsare su cikin sansani. Ranar 31 ga Mayu 2020 ƴan bindiga suka kai wa wurin hari, suka kashe mutane, suka lalata wurin ruwa. Wannan ya nuna mana cewa aikin raya ƙasa ba ya tsayawa in babu tsaro. Shi ya sa a jahar Maraɗi aka janye baƙi daga bakin iyaka zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda aka yi nufin ruwa da asibiti da lakwal su amfani baƙo da ɗan gari baki ɗaya.

Yanzu ga namu aiki, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, lamba. Garken da ya gudu ya sha tafiya, ya sha yunwa, ya gauraya da wasu a hanya da bakin rijiya. Irin wannan garke cuta ke so. Biyu muka fi tsoro. Ɗaya ciwon huhu na shanu, wanda ke bin numfashi da tari. Saniya tana iya warkewa a ido alhali cutar tana ɓoye cikin huhunta wata da watanni, tana rabawa. Ɗayar kuma annobar awaki da tumaki, mai zazzaɓi da majina da ƙurajen baki da zawo. In ta shiga garken da bai taɓa samun lamba ba, tana iya kashe fiye da rabi. Saboda haka bisashen da suka iso, a ware su sati 3, su sha ruwa bayan na gari sun sha, a kwami daban in da hali. A kira malamin dabbobi ya duba. Lambar ciwon huhu kowace shekara ake yi. Ta awaki da tumaki ana yin ta daga wata 3 da haihuwa, kuma allura ɗaya tana tsare bisa shekara 3 ko fiye. Tsagar da ake yi a kunne shaida ce kawai, ba ta rage kuɗin bisa. Kun san tsofaffi suna ba da labarin bushiya da ɓarnar da ta yi. Lamba ce ta kashe ta, har a 2011 aka shaida babu ita ko'ina a duniya. Kai baƙo, kada ka ɓoye garkenka don tsoron haraji ko ƙwace. Cuta ba ta tambayar takardar ɗan ƙasa.

Na biyu, gaskiya wurin ƙidaya. In aka zo rubuta sunaye, wani mai awaki 5 sai ya ce 50 don ya samu dussa da yawa, mai shanu 50 kuma ya ce 5 don tsoro. Duka biyun ɓarna ne. Da wannan lissafi ake auna yawan maganin lamba da buhunan da za a kawo. Ramin ƙarya ƙurarre ne: in aka gane, gari duka ake hukuntawa, furoje ya juya wani wuri. Ku kafa komiti da ya ƙunshi baƙi da ƴan gari, maza da mata. A karanta sunaye a fili, gaban kowa. Ku tuna da gwauruwar da aka kashe wa miji, da tsohon da aka kore wa garke duka, don su ba su iya kutsawa cikin layi. Kuma taimako kyauta ne. Wanda ya ce a ba shi ko dala don ya rubuta sunanka, ko ya nemi wani abu wurin ƴarka, ka kai ƙara wurin mai gari da hukuma.

Na uku, sai da bisa da wuri. Mun san abin yana da zafi ga makiyayi. Amma ku tuna 2010: damanar 2009 ba ta ba da ciyawa ba, mutane suka riƙe shanu har suka kwanta, saniyar da ta rame ta kasa sayen buhun hatsi guda. Da ruwan farko ya sauka, wajen Gadabeji, raunanan suka yi ta mutuwa. Wanda ya rasa makiyayarsa saboda tashin hankali yana cikin irin wannan hali ko da damana ta yi kyau. Tun da kaka, lokacin da bisa ke da nama hatsi kuma yana araha, a fid da bijimai da tsofaffin shanu da waɗanda suka daina haihuwa. Da kuɗin a sayi hatsin gida, da dussa, da harawa. In furoje ya zo sayen raunanan bisashe don a yanka a raba nama, ku karɓa, ya fi a bar wa ungulu.

Na huɗu, abincin bisashe na taimako. Buhu ɗaya ba ya ciyar da garke duka. In ka watsa shi ga kowa, babu wadda za ta amfana. Ka zaɓi masu ciki, da masu shayarwa, da karsana mai kyau. Saniya kilo 1 zuwa 2 a yini, akuya ko tunkiya gram 200 zuwa 300, tare da kara ko ciyawa da ɗan gishiri. A fara kaɗan-kaɗan don kada ciki ya ɓaci. Inda aka kafa bankin abincin bisashe, a biya kuɗin buhu, a ajiye cikin asusu, don da su za a sake cika magaza baɗi. Bankin da aka cinye bashi ba ya ganin rani na biyu.

Na biyar, habbanaye. Wannan ba baƙon abu ba ne, wurin Fulani masu furoje suka koye shi. Ka ba ɗan'uwanka aron karsana, ya sha nono, ta haihu ya riƙe ƴaƴa, sannan ya maido uwa da godiya. Yau ana yin haka da awaki, galibi ta hannun ƙungiyoyin mata. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, jar akuyar Maraɗi kuma ta saba haihuwar tagwaye, kun ga garke yana tashi da sauri. Iyayenmu mata, akuyar habbanaye amana ce, wata tana jiran layinta. Ku kuma maza, kada a kai ta kasuwa don biki ko kuɗin hanya. Kuma a tabbata an yi mata lamba kafin ta shiga gida. Kai mai garke, kada ka jira furoje. In Allah ya bar maka naka, ɗaure wa wanda aka kore wa nasa karsana ɗaya.

Na shida, ruwa da makiyaya. Nan rigima ke tashi. Da bazara saniya ɗaya tana shan lita 30 zuwa 40 a yini, rijiyar da ta saba da garke 10 kuma ga 20 sun tsaya mata. Dokar ƙasa ta yi magana. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da garkensa. Sun ce mai mazauni yana da fifiko kan rijiyarsa da makiyayarsa, amma fifiko ba hana wani sha ba ne. Baƙo ya yi sallama wurin mai gari da mai rijiya, ya bi layi. A zauna a tsara lokacin sha tun kafin rani ya yi tsanani. Manomi kada ya noma burtali, makiyayi kada ya shiga gona kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki. In ɓarna ta auku, a je wurin sarki da Kofo, wato komitin kula da ƙasa, a auna a biya. A bar sanda da takobi a rataye.

Saura magana ɗaya mai nauyi. In aka kawo maka saniya mai ƙiba a rabin kuɗinta, babu dillalin da ya san mai ita, kada ka saya. Wataƙila ta maƙwabcinka ce da ke kwance ƙarƙashin tanti, kuɗinka kuma harsashi za su saya. Sannan kada a ɗora laifin ƴan bindiga kan ƙabila guda. Cikin waɗanda aka kashe, aka kore wa garke, akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Buzaye. Zargin banza shi ke tura yaro daji.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ji wannan magana ya kai ta ruga, ya kai ta bakin rijiya da kasuwa. In kun ga bisa tana tari ko zawo, ko mutuwa ta yi yawa cikin garke, ku sanar da sarwis na kiwo mafi kusa ranar nan, kada a kwana.

Allah ya maida kowa gidansa lafiya, ya raya garke, ya zaunar da ƙasa lafiya.