Jini a Jikin Aswaki: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

 

An ji lissafin kuɗi, an ji na adashe da rance. Mu 'yan kwamitin lafiya an ba mu mintuna kaɗan, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan dasashi, wato naman nan da ke riƙe da haƙora. Mun san wasu za su ce duk cututtukan da ke gari sai dasashi? To, ku ɗan ba mu aron kunnuwanku.

Da yawanmu idan muka yi aswaki ko muka sa buroshi muka tofar, sai mu ga jini, mu ce ai ƙarfin gugar ne. Ba haka ba ne. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi. Abin da ke faruwa shi ne, kullum akwai wani datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da nama. Idan ba a cire shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kamar dutse, irin rawayan nan ko baƙi da ake gani a bayan haƙoran ƙasa. Daga nan dasashi ya kumbura, ya yi ja, baki ya soma wari. A wannan matakin ana warkewa sarai. Amma idan aka bari, ciwon yakan gangara ya cinye ƙashin da haƙori ke zaune a ciki. Sai ki ga haƙori ya yi tsawo, ya soma girgiɗi, wani lokaci har da mugunya, ƙarshe ya fita alhali ko rami babu a jikinsa. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Muguntar ciwon nan ita ce ba ya zafi sai ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da biliyan 1 ke fama da mai tsananinsa.

Mu mata akwai inda abin ya fi shafar mu. Mai juna biyu dasashinta yakan kumbura ya yi jini saboda canjin da jiki ke yi, kuma a lokacin ne ake tsorata ta cewa kada ta je wurin likitan haƙori. Ta je, ta dai gaya masa tana da ciki. Mai ciwon suga ma ta kula: suga idan ya hau yana ɓata dasashi, dasashi idan ya ɓaci yana hana suga daidaita. Sai taba, ta sha da ta gari da ake sawa a baki, wannan kam iyayen gida da ke bayan rumfa, da ku muke. Goro da fure ba mu ce a daina ba, kada iyayenmu su kore mu daga taro, amma jan da suke sawa yana ɓoye jini da kumburi, don haka a riƙa duba baki a madubi bayan an wanke.

Maganin farko yana gida. A goge baki sau biyu, safe da kuma dare kafin a kwanta, kamar minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki. A karkata buroshin zuwa gindin haƙori, a bi a hankali, ba irin dirzar da muke wa tukunya ba. In an ga jini kada a daina, nan ne ma ya fi buƙatar guga. Buroshi a canza shi duk wata 3, kuma kowa da nasa, har yara. Aswaki yana da kyau ƙwarai, sai dai a tauna bakinsa ya yi laushi, a riƙa yanke wanda ya tsufa, a kai shi har haƙoran ciki. Allura, tsinken tsintsiya da fil ɗin ɗankwali ba abin sakace ba ne. Ruwan gishiri mai ɗumi yana rage kumburi, amma dattin da ya riga ya daskare babu gawayi ko toka da zai cire shi, sai an kankare a asibiti. Idan aka yi mako 2 ana gogewa sosai jini bai tsaya ba, ko haƙori na motsi, a tafi. Kada a danna ƙwayar magani ko kanwa a jikin dasashi, ƙona naman suke yi.

Yanzu maganar da ta fi damun mu, ita ce ta yara. Akwai cutar noma, mai zaizaye baki da fuska. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. Da kumburin dasashi take farawa, sai gyambo, sai wari mai ƙarfi da dalalar miyau, sai kunci ya kumbura. Cikin kwanaki kaɗan nama ya ruɓe, kuma yawancin yaran da ba a kai asibiti ba rasuwa suke yi. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Idan aka kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman na masu wannan cuta, kuma a watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Don Allah, duk ranar wanka a buɗe bakin yaro a leƙa.

Muna roƙon Hajiya Shugaba da 'yan majalisa su duba ko asusun taimakon juna zai riƙa ranta wa mamba kuɗin kankare haƙori, tunda sau da yawa kuɗin ne ke sa mu jinkiri. Mai son a rubuta sunanta, ta same mu a teburin bakin ƙofa bayan an ci abinci.