Labarin Asali a Tambayi Fuska



Batun da za mu tattauna yau yana da santsi, domin ya haɗa abubuwa uku waɗanda ɗan boko ba ya son a gan shi kusa da su, watau tsagar fuska, da waƙoƙin mata na tsakar gida, da kuma addinin da kakanninmu suka bi kafin zuwan Musulunci. Za mu ɗauko zancen daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, don kuwa a nan ne waɗannan abubuwa suka yi kiciɓis da zamani.

Hanyar dogo ta iso Kano cikin 1911, a shekarar da ta biyo baya kuma jirgi ya fara jigilar mutane da kaya har Ikko. Turawa suka kafa tashar a bayan ganuwa. Kusa da ita ga Fagge, tsohon zangon fatake da Buzaye, gaba kaɗan kuma aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka hauro daga Kudu. To, wanda duk ya tsaya a tashar nan a waɗancan shekaru yana iya karanta jama'a kamar yadda almajiri ke karanta allo. Ga Bagobiri da zanensa da ya taso daga gefen baki ya bazu bisa kumatu, ga Babarbare da dogayen tsagensa, ga Bakabe, ga Banufe, ga Bayarabe da abajarsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wancan zamani labarin asali ma fuska ake tambaya, tun kafin baƙo ya sauke kayansa an san unguwar da za a nuna masa.

Wannan rubutu na fata aikin wanzami ne. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, zai zo da zabirarsa ya aske jariri, ya yi masa tsagar gidan ubansa, a shafa baƙi don ta fito raɗau. Amma kada mu haɗa kome a tukunya guda. Akwai tsagar gado, wadda ke nuna zuriya, ta kuma taimaka a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi wajen gane ɗan gida idan ya ɓace. Akwai ta magani, wadda ake yi wa mara lafiya a inda ciwo yake. Akwai kuma ta kwalliya, irin su kalangu da bille da jarfar da 'yan mata kan sa a yi musu a wuya da ƙirji da damtse, wadda ita budurwa ke zaɓa da kanta, sau da yawa a kasuwa, da kuɗin tallarta. Wani Bature, A. J. N. Tremearne, ya zana wasu daga cikin waɗannan tsage ya buga cikin 1911.

Yau wannan al'ada tana gab da shuɗewa. Malamai sun daɗe suna nuna haninta, haihuwa ta fara komawa asibiti, an gane haɗarin aska ɗaya a jikin mutum goma, sa'an nan Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana a tsaga yaro. Ba mu zo nan don mu yi kukan rabuwa da aska ba; jaririn da ba a tsaga ba bai yi asarar kome ba. Abin da ke damunmu shi ne, tsofaffin da ke ɗauke da wannan zane su ne na ƙarshe, wanzaman da suka san sunan kowace tsaga da gidan da ke da ita kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu nawa ne a ɗakin nan za su iya zana tsagar kakansu a takarda ba kuskure?

Waƙa ma haka ta same ta, sai dai ita ba doka ta kashe ta ba, inji ne. Da injin niƙa ya shigo unguwa, waƙar niƙa ta bi dutsen niƙa. Da siminti ya zo, waƙar daɓe ta tafi. Gaɗa kuma ta rasa dandali. A cikin waɗannan waƙoƙi ne macen da ke kulle take faɗin abin da ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ko kishiya ido da ido. Manyan makaɗa irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge sun yi sa'a, gidajen rediyo da masu kaset sun ɗauke su. Matar da ke lugude a lungun Fagge kuwa ba wanda ya kai mata rikoda.

Sai na ukun, mai wuyar taɓawa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara cikin 1908, bai ɓoye kome ba. Ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da baƙaƙen dabbobin da ake yankawa. Ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, amma ya nuna cewa bayan haka Sarki Kanajeji ya sake waiwayar tsohuwar hanya da yaƙi ya yi masa tsanani. Har zamanin Alwali, sarkin da jihadi ya tarar, ana yi wa Dirki yanka. Ashe ke nan sauyin bai zo dare ɗaya ba, ɗaruruwan shekaru aka yi ana ja-in-ja. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga littafinsa cikin 1946. Fremont Besmer kuma ya rubuta a kan 'yan borin Kano da masu garayarsu cikin 1983. Wanda ya duba jerin iskokin birnin Jangare zai ga abin mamaki. Akwai Malam Alhaji da carbinsa, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da almubazzaranci, akwai Inna Bafilatana, har da iskoki Turawa da sojoji. Watau duk baƙon da ya shigo ƙasar Hausa sai da bori ya ba shi kujera. Kuma a garuruwan bariki na bakin dogo, a gidajen magajiya, bori ya sami sabon masauki a wurin matan da jirgi ya raba da danginsu.

Yanzu bari mu leƙa Turai, domin abin da ke faruwa can zai ba wasunmu mamaki. Mutanen da suka zo suka kira kakanninmu arna, ga jikokinsu suna tonon nasu arnancin. A Aisland an kafa ƙungiyar masu bautar tsofaffin gumakan Arewacin Turai cikin 1972, hukuma ta amince da ita a 1973. Lituweniya ita ce daula ta ƙarshe a Turai da ta karɓi Kiristanci, cikin 1387. A can ɗalibai da malamansu suka farfaɗo da bikin tsakiyar bazara cikin 1967, a ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet, abin da ya haifar da addinin Romuva, wanda majalisar ƙasar ta amince da shi a Disamban 2024. A Bosniya da Kuroshiya 'yan mata sun koma yin jarfar da kakanninsu mata Katolika kan yi a hannu zamanin mulkin Turkawa. Da me suka sake wannan gini? Da waƙa. A Latbiya wani mutum, Krišjānis Barons, ya tattara gajerun waƙoƙin manoma fiye da 200,000, aka buga su tsakanin 1894 da 1915. Da waɗannan ƙasashe na bakin tekun Baltik suka tashi neman 'yanci daga 1987 zuwa 1991, da waƙa suka cika filaye.

Mu ba koma wa bautar iskoki muke kira ba. Mu Musulmi ne akasarinmu, wasu Kirista, kuma abin da Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka yi ƙoƙarin raba jama'a da shi ba za mu mayar da su gare shi ba. Abin lura shi ne da Barons bai tattara ba, da jikokinsa ba su da abin riƙewa ko na jayayya. Sanin abu daban, bauta masa daban. Malaman Larabci ba su ƙona waƙoƙin Jahiliyya ba. Da su suke fassara kalmomin Alƙur'ani masu wuya, har gobe kuwa ana karanta su a zaurukan birnin nan.

Turai kuma ta nuna mana ramin da ke gefen wannan hanya. Cikin 1935 'yan Nazi na Jamus suka kafa hukumar binciken gadon kakanni, suka mai da tsofaffin haruffa da tatsuniyoyi hujjar fifikon jini, har yanzu kuwa wasu masu ƙyamar baƙi a can suna fakewa da wannan gado. Mu ma ba baƙin wannan ciwo ba ne. Tsakanin Fagge da Sabon Garin nan aka zubar da jini a watan Mayun 1953, a 1966 kuma tashar nan ta ga dubban mutane suna tserewa Kudu. Tsagar da ke sa a gane ɗan'uwa ita ce ke sa a gane wanda ba ɗan'uwa ba. Saboda haka wanda zai rubuta zanen Gobirawa, ya rubuta na Yarabawan Sabon Gari a littafi guda.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninmu da Turawa. Su takardu da ƙasusuwa suka tarar, mu kuwa Maguzawa mutane ne rayayyu, manoma a ƙauyukan Kano da Katsina da arewacin Kaduna, da yawansu sun musulunta, wasu sun shiga coci. Hausarsu tamu ce, sunayensu irin su Tanko da Jatau da Ranau tsofaffin sunayenmu ne. Mun daɗe muna mai da su abin ba'a a wasan kwaikwayo. Ma'aikacin da aka tura ƙauyensu ya tambayi kansa ko rijiya da makaranta sun isa can kafin ya tambaye su waƙa.

Ga ɗalibai kuwa, hutu na tafe, kuma rikodar da Besmer ya sha wahalar ɗauka tana cikin aljihun kowannenku. Ku fara da tsohuwar gidanku: ku nemi izininta, ku bar ta ta rera yadda ta ga dama, kada ku gyara mata Hausa. Ku rubuta garinsu da sunan waƙar da aikin da ake yi da ita. Sa'an nan ku nemi Sarkin Askar garin, ku gaishe shi da goro, ku roƙe shi ya zana muku tsagen a ƙasa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Abin da kuka samo ku kawo kwafinsa sashen nazarin harsunan Nijeriya, a ajiye inda wani zai same shi.