Manufofin Gwamnati da Zaman Jama'a: Misalin Kuzar Jos

Shawarar da gwamnati ta yanke a kan kuɗi da ciniki takan isa tukunyar talaka, ko da bai taɓa jin labarinta ba. Ƙasar Jos ta isa misali.

Haƙar kuza ce ta raya Jos da Bukuru, ta jawo leburori daga Kano da Katsina da Borno. A 1942, da Japan ta kama Malaya, Ingila ta rasa kuzar can, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, wanda mutane suka sa wa suna diban gwamna. Aka kwaso dubban manoma daga gonakinsu zuwa sanyin tsauni. Kuza ta yi yawa ƙwarai a 1943, amma yunwa da cuta sun kashe leburori masu yawa kafin a soke tsarin a 1944.

Bayan samun mulkin kai, lamarin ya sake salo. Kuɗin man fetur ya ƙarfafa naira, abin da kamfanoni ke samu daga sayar da kuza a waje ya ragu in an juya shi zuwa kuɗin gida. Sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya zo a 1975. Ma'aikacin gwamnati ya yi murna, kaya suka yi tsada a kasuwa, kamfanonin kuza kuwa suka kasa ɗaukar nauyin ƙarin. Ba wanda ya yi nufin kashe sana'ar, amma haka ta yi ta ja da baya, har faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa ta. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, abin da zai taimaki mai sayarwa a waje, sai dai ya tarar da injuna sun riga sun tsufa, an kuma sallami ma'aikata.

Ramukan da aka bari sun cika da ruwa, sun zama tafkuna. Jikokin leburorin nan da manoman Birom suka koma noman rani a gefensu, suna fitar da dankalin Turawa da kabeji da karas zuwa kasuwannin ƙasar nan. Injin ban ruwa fetur yake sha. Don haka da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, manomin bakin tafki ya ji a jikinsa sau biyu, wajen shayar da gona da kuma wajen kuɗin motar kai kaya kasuwar Farin Gada.