Tsibiran da Ruwa Ya Ci: Zaman Iyali da Tunanin Ƙuruciya a Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, kogin Kwara ya kumbura ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Mutane sama da 40,000 aka tayar daga mazauninsu. Tsohuwar Bussa ta nutse, haka ma tsibirai da dama na ƙasar Yawuri inda Gungawa suka daɗe suna noma da kamun kifi. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin, yau ya doshi saba'in. Ba shi da gidan da zai nuna wa jikansa ya ce nan aka binne cibiyarsa, sai dai ya miƙa hannu wajen ruwa.

Wannan takarda ta duba abin da ya rage a zukatan irin waɗannan mutane. Hujjarta ita ce, a Yawuri da Ngaski da Shanga, abin da yaro ke riƙewa har tsufa ya fi fitowa daga aikin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da iyayensa, kuma ta wannan hanya ce garuruwan da suka nutse suke nan da ransu a bakin mutane.

Kwale-kwale da lambu

A gidan Basarke, wato masunci, tarbiyya a cikin jirgi take farawa. Uba na jefa birgi, ɗa na riƙe da filafili yana kwashe ruwan da ya shigo. Babu inda ɗayansu zai tafi, don haka hira dole ce: ga inda giwan ruwa ke kwanciya, ga alamar iska, ga wurin da ake kauce wa dorina. Idan suka dawo gaɓa, uwa da 'yan mata ne ke fafe kifin, su jera shi a kan wuta a yi banda. Hayaƙin nan yana kama tufa, yana kuma kama ƙwaƙwalwa. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ƙamshi na tado tsohon tunani da ƙarfi, musamman na shekarun farko na rayuwa.

Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun yi suna da albasar rani. Dashe da ban ruwa da cira aikin gida ne gaba ɗaya, daga kaka har jika. Bayan girbi kuma sai kokawa, wadda masani Frank Salamone ya yi rubutu a kanta bayan ya zauna a Yawuri. Yaro kan ga wansa a fage, ya ji dangi na yi masa kirari, abin ya zauna masa.

Da dare kuwa tsakar gida ta tsofaffin mata ce. Tsakanin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sukan saka sunan wani tsibiri da yanzu ba a ganinsa, da wanda ya auri wa a can. Nan ne kuma harshe ke wucewa daga baki zuwa baki. Harshen Shangawa ya ja baya ƙwarai a gaban Hausa, kuma inda ya rage, a irin wannan zama yake rayuwa.

Ko gidajen siminti da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar ba su tsira daga buƙatar zama tare ba. Iyalai da yawa sun ƙara ɗakunan ƙasa da rumfuna domin gidan ya ɗauki zaman gandu da suka saba.

Abin da ke raba iyali yau

Shekarar 2021 ta yi wa yankin rauni biyu. A watan Mayu jirgi ya kife kusa da Wara a Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai 2023. Uban da ke fargabar ruwa ba zai ɗauki ɗansa zuwa kamun kifi ba, uwar da ke jin ƙarar babur da dare ba za ta shimfiɗa tabarmar hira a waje ba. Ga ci-rani na kwashe iyaye maza, ga wayar hannu ta shigo tsakar gida.

Shawarwari

Bikin Rigata na Yawuri, inda ake tseren jirage a gaban Mai Martaba Sarki Muhammad Zayyanu Abdullahi, wuri ne da za a keɓe wa yara rukuninsu tare da iyayensu. Rigar ceto a kowane jirgi za ta mayar da yaro kusa da ubansa cikin kwanciyar hankali. Makarantun firamare kuma za su iya tura ɗalibai gida su naɗi muryar kakanninsu da wayar nan da ake kuka da ita, su tambayo sunayen tsibiran da suka nutse da gidajen da ke kansu. Waɗanda suka taka tsibiran da ƙafarsu kafin 1968 suna raguwa kowace shekara.