Jawabi a Bikin Yaye Ma'aikatan Agaji a Maiduguri



Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, sama da mutum miliyan biyu suka bar gidajensu a arewa maso gabas, kuma da yawansu a unguwannin jama'a suka sauka, gidajen da su ma tukunyarsu ba ta cika ba. Shi ya sa rabon agaji kansa kan ɗinke ɓaraka ko ya faɗaɗa ta. Idan aka ba ɗan gudun hijira buhun masara aka tsallake wanda ya ba shi ɗaki, an shuka gaba. Idan aka haƙa rijiyar burtsatse ba a tambayi matan da ke ɗibar ruwa ba, sai a same ta inda yarinya ba ta isa ta je bayan magariba ba.

Za a ce mai jin yunwa ba ya jiran taro. Gaskiya ne, kuma ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta nuna akwai ranar da ceto kaɗai ake yi. Amma aikin da ya shafe shekara fiye da goma ya wuce gaggawar kwana ɗaya, kuma zama da mata da matasa kafin a rubuta sunayen masu karɓa ya fi sasanta rikicin bayan rabo sauƙi. Wasu kuma za su ce kunya na hana mace magana gaban dattawa. To, a yi musu zamansu daban, a rubuta abin da suka yanke, ya shiga kasafi.

Batun matasa ya fi ci mini rai. A 2013 su ne suka tashi da sanduna, 'yan Kato da Gora, suka tsare birnin nan. Wanda aka damƙa wa amanar rayuka ya cancanci kujera a kwamitin da ke yanke inda za a gina makaranta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da haka a ƙudurinta na 2250 a 2015, kamar yadda ta yi wa mata a ƙuduri na 1325 a 2000, kuma Najeriya ta fitar da nata tsarin aiwatarwa kan mata a 2013. Takardu sun wadatar, saura aiki.

Ku da kuke karɓar shaida yau, kada ku sa hannu a jerin sunayen da mata, matasa da masu masauki ba su gani ba. Allah Ya yi muku jagora, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.