Busar da kayan miya don ajiya

Kayan miya a ƙasar Hausa ba sa zuwa lokaci guda. Kuɓewa da rama da yakuwa da ganyen kuka suna yalwata ne da damina zuwa kaka, tumatir da tattasai kuwa sai an shiga noman rani suke cika kasuwa, musamman daga lambunan Kadawa da Kura a jihar Kano. Shanya ita ce dabarar da ke cike giɓin da ke tsakani.

Ganye ba ya son rana mai zafi. Ana wanke shi, a tsane ruwan, a baza a inuwa inda iska ke ratsawa. Kuka ko zogalen da aka bari a rana yakan koɗe, ya rasa wani kaso na sinadaran gina jiki. Kuɓewar da ba ta ƙosa ba ake zaɓa, a yanka ta ƙanana, kuma gara a jinkirta daka ta sai an tashi miya, domin gari ya fi saurin jan danshi.

Tumatir ya fi wuyar sha'ani saboda yawan ruwansa. Ana tsaga shi, a jera gefen da aka yanka yana kallon sama, busasshiyar iskar hunturu ta mayar da shi kauɗa. Shanyar bakin titi, wadda ta zama ruwan dare, tana tara yashi da hayaƙin mota, ga kuma awaki. Tabarma mai tsafta a kan rumfa ta fi.

Sai kayan sun bushe ƙayau ake zuba su a mazubi mai murfi, nesa da ƙasa, a riƙa dubawa da damina saboda fumfuna.